Ruwan Kanwa a Kan Ingiricin Bronx

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an idar da salla, ina ɗaure tamfol a bayan motata sai na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa da Turanci cewa Ankul Habibu ya fi kowa sa'a a birnin nan, domin yana sayar da abin da ke tsirowa kyauta. Abokin ya ƙara da cewa ko shi zai iya, in dai an ba shi mota. Ban tanka ba, saboda igiya tana bakina a lokacin. Amsar ce nake rubuta muku yanzu, kuma da Hausa nake rubutawa da gangan. Wanda karatun ya gagara, ya kai wa mahaifiyarsa ta karanta masa.

Mu fara daidaita suna, domin ku komai ciyawa kuke ce masa. Ciyawa ita ce duk abin da ya tsiro ba tare da an gayyace shi ba, har da wadda ke leƙowa ta tsagar siminti a Fordham Road. Ingirici kuwa ciyawa ce da aka zaɓa, aka yanke ta tun tana da ƙuruciya kafin ta zubar da iri, aka shanya, aka ɗaure, domin dabba ta ci a lokacin da ƙasa ba ta da kore. Harawa ganyen wake ne ko na gyaɗa, kuma a nan babu ita, sai wata 'yar'uwarta da ake kira alfalfa, wadda raguna ke rububi a kanta. Sai karan alkama, mai launin zinariya, wanda ya fi su duka kyau a ido amma babu komai a cikinsa, shimfiɗa kawai ake yi wa dabba da shi. Duk da wannan bayani, mutanenmu Mai Ciyawa suke kirana, na kuma haƙura. Illar sunan ɗaya ce. Wani yaro ya taɓa fassara shi ga abokansa na makaranta kalma da kalma, alhali a Turancin titi in an ce ciyawa tabar wiwi ake nufi, sai ga samari biyu masu jajayen idanu sun tare ni a bakin masallaci suna tambayar farashi. Na buɗe musu bayan mota, na ce su ɗiba iya son ransu. Sun daɗe suna shinshina dami kafin su tafi, kuma ban ga alamar sun gamsu ba.

Ban zo ƙasar nan don wannan aiki ba. Kimiyyar kiwon dabbobi na karanta a jami'a, har na rubuta kundi a kan abincin awaki, wanda nake zaton mutum biyu ne suka karanta shi, ni da mai buga shi. Da na iso New York sai na tarar birnin bai shirya wa masanin awaki kujera ba. Na sayar da bel da tabarau a Canal Street, na yi tuƙi, har wata rana wani ɗan Ghana da muke salla tare ya ce mini wani tsoho yana neman direba mai ƙarfin baya. Tsohon nan, Maloni, jikan mutanen ƙasar Ailan ne, kuma tun daga kakansa suke kai wa dawakin birnin nan abinci. Ya dubi takardata ta jami'a cikin ladabi, ya miƙo mini ita, sannan ya ce in ɗaga dami ɗaya in ɗora bisa kan wani. Wannan ce jarrabawar. Na ci da ƙyar.

Aikina na farko a wani gidan dawaki ne da ke yammacin Manhattan, na dawakin nan da ke jan keken 'yan yawon buɗe ido. A ranar na gano cewa a garin nan har dawaki a bene suke kwana. Doki yakan dawo daga aiki ya hau gangare zuwa hawa na biyu kamar ma'aikacin banki, abincinsa kuwa a hawa na uku ake ajiyewa. Maloni ya ba ni ƙugiya biyu na ƙarfe masu mariƙin katako, ya nuna mini yadda ake caka su a gefen dami, a jawo shi kan cinya, a tura da gwiwa. Ya ce dami ba a ɗaga shi da baya, da gwiwa ake jifansa. Na gyaɗa kai na ci gaba da ɗagawa da baya, domin ina ganin na fi shi sanin ƙashi da tsoka. Washegari a zaune na yi sallar asuba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da doka. Safar hannu ta fata ce, domin igiyar dami tana yanka yatsa ba tare da ta yi sallama ba. Wuƙa a ɗaure take da zare a ɗamara, don kada ta faɗa cikin abincin dabba. Duk igiyar da aka yanke sai an tsince ta an sa a aljihu, saboda akuya ba ta san bambancin roba da ganye ba, kuma ba ta da niyyar koyo. Tamfol biyu ake ɗauka, ɗaya na rufi, ɗaya na ranar da iskar gada ta yage na farko. Akwai kuma wani dogon tsinken ƙarfe mai agogo a kansa, wanda ake sokawa a cikin dami ya faɗi yawan danshinsa. Maloni ya yarda da shi, ni ma na yarda da shi, amma ba mu taɓa sayen lodi ba sai mun ɓalle dami ɗaya mun cusa fuska a tsakiyarsa. Ingirici mai kyau ƙamshinsa kamar na ganyen shayi ne. Wanda ya sha ruwa kuwa warin tsohon takalmi yake yi, kuma idan aka girgiza shi sai wata farar ƙura ta tashi. Wannan ƙura fumfuna ce, ita ce abokiyar gabarmu.

Sayen kaya shi ne rabin sana'ar. Mukan tafi ƙauyukan Pennsylvania, wurin manoman nan masu dogon gemu da baƙar hula, waɗanda ba sa tuƙa mota sai keken doki. Karon farko da na gan su na zaci wata tawagar malamai ce ta ɓata hanya. Ba sa rantsuwa, ba sa yabon kayansu, kuma ba sa ragi. Bahaushe irina da ya saba a ja ciniki har a gaji ya sha wahala da su, domin idan na taya sai manomi ya yi shiru yana kallon sararin sama har in ji kunya in biya. A wurinsu na koyi cewa yankan farko na shekara mai kauri ne, ya dace da doki, yankan biyu kuwa laushi gare shi da yawan ganye, shi tumaki ke so. Da Maloni ya gaji ya koma wurin 'yarsa, ya sayar mini da motar, ya haɗa mini da ƙugiyoyin kyauta, da kuma abokan cinikinsa, masu daɗi da marasa daɗi.

Akwai wata baiwar Allah a Brooklyn mai zomo guda ɗaya. Takan sayi ƙulli kaɗan, amma sai ta tambaye ni sunan gonar, da ranar yanka, da ko an fesa magani, da ko manomin mutumin kirki ne. Ta taɓa dawo mini da kaya wai zomon ya dube shi ya juya baya. Na karɓa na ba ta haƙuri, na kuma roƙe ta ta isar da gaisuwata gare shi. A watan Oktoba kuma sai masu shaguna su taso, suna son dami su jera a ƙofa su ɗora kabewa a kai don ado. Su karan alkama nake kai wa, suna kiransa da sunan ingirici, ni kuma ba na gyara musu, tunda kabewa ba ta ci. Amma ƙashin bayan cinikina mayanka ne, wato gidajen nan na Bronx da Queens inda mutum ke zaɓar dabbarsa da rai a yanka masa. Mafi yawan masu su Musulmi ne, sun san juna, kuma labari yana zaga su cikin yini guda. Wanda ya ɓata da ɗaya ya ɓata da duka.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda ruwan sama ya ƙi tsayawa a farkon zafi. Ingirici yana buƙatar 'yan kwanaki na rana a jere bayan yanka, a shekarar kuwa da an yanka sai hadari ya taso. Manoma da yawa suka ɗaure kayansu da danshi, kasuwa ta cika da ruɓaɓɓen kaya, kowa kuma ya san da haka. Na yi ta yawo daga gona zuwa gona ina soka tsinke ina girgiza kai, har na samu wani manomi da ya yi sa'ar yanka a wata 'yar tazara ta rana. Na saye abin da ya yarda ya sayar, lodi biyu, busasshe ƙayau, kore shar. A shekarar babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da iskar birnin nan kan yi nauyi har mutum ya yi wanka ya fito yana gumi.

Lodi na farko na kai wa Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, wanda ya fara da tebur a 125th Street har ya mallaki mayanka a Bronx. Shi ke tanadar wa jama'ar masallacinmu ragunan layya. Yakan kawo su da wuri, kowane magidanci ya zo ya zaɓi nasa a shafa masa fenti a gadon baya, a ci gaba da kiwonsa har ranar Sallah. Kun san ƙa'idar layya, dabba marar lafiya ko ramammiya ba ta yi. Na jera masa kayan a ɗakin ajiya da ke bayan garken, a kan katako, na bar tazara da bango, na tafi hankalina kwance.

Ba a daɗe ba sai ga wayarsa. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Malam Habibu, mi na yi maka? Raguna na tari, sun bar cin abinci, wasu na zawo. Mutane sun taho da 'ya'yansu ganin ragunansu, sun iske su kamar 'yan gudun hijira. Ciyawarka ta ruɓe!"

Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce in zo in gani. Kafin in iso Bronx, masu mayanka biyu sun kira ni, kowanne yana cewa in dakata da kawo masa kaya sai ya neme ni. Labari ya riga ya shiga wayoyin mutane. A shekarar da kowa ya san kaya ya jiƙe, babu wanda zai tsaya tambayar ko nawa daban ne. Na san cewa idan aka kai Sallah ragunan nan ba su miƙe ba, to na gama da mayanka, kuma zomon Brooklyn ba zai ciyar da iyalina ba.

Na wuce kai tsaye ɗakin ajiya. Tun daga ƙofa warin tsohon takalmi ya tare ni. Na soka tsinke, agogon ya haura inda ban taɓa ganin ya kai ba. Na dubi rufi, babu yoyo. Na dubi ƙasa, a bushe. Ina tsaye ina tunanin ko dai hancina ne ya ci amanata a gona, sai na ji motsi a bayan tarin. Wani dattijo ne siriri, dogo, da rawani da sanda a jingine kusa da shi. Bokiti ne a gabansa, tsintsiya a hannunsa. Yana tsoma ta yana yayyafa wa dammunan ruwa ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, har yana ɗaga na sama don na ƙasa su samu rabonsu. A gefe ga dunƙulen kanwa a cikin leda.

Na gane abin nan take, domin kakata ma haka take yi. A gida ana jiƙa kanwa a yayyafa wa harawa don dabba ta ji daɗin ci ta kuma sha ruwa sosai. Dabara ce mai kyau a ƙasar da rana ke busar da riga kafin mai ita ya gama alwala. A rufaffen ɗaki a Bronx, cikin iskar da ita kanta a jiƙe take, dabara ce ta dafa ingirici a tsaye.

Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice ba tare da ya dube ni ba. Na tambayi wani ma'aikaci ɗan Meziko ko wane ne wannan. Ya ce surukin Alhaji ne, Baffa Sambo, Bafulatani daga wajen Dakoro, ya zo ganin likitan ido. Zaman bene ya ishe shi, shi ne Alhaji ke kawo shi wurin raguna ya wuni. Na ce me ya sa ba su hana shi zuba ruwan ba. Ya ce sun ɗauka wata ibada ce ta kafin Sallah, har sukan cire hula idan sun wuce.

Na nufi ofishin Alhaji da ƙarfina, ina jin gaskiya ta gama yi mini aiki. Ofishin yana kallon ɗakin ajiya, ƙofarsa a buɗe, ga kuma magidanta uku a zaune suna jiran bayani a kan ragunansu.

Na ce, "Alhaji, na gano matsalar. Ai Baffa ne yake..."

"Ba ni son dogon turanci!" Ya buga tebur. "Kun yi boko kun raina mutane! Amana na ba ka!"

"Alhaji, ka saurare ni. Bokitin nan da Baffa..."

"Bokiti! Ana maganar layyar bayin Allah kana maganar bokiti!"

Ya taso yana faɗa, ya kama hannun rigata kamar zai fitar da ni, ya ja ni zuwa lungun da injin sanyi ke ƙara. Can ya sauke murya har sai da na karkata kunne.

"An ce mini mahaihinka Babarbare ne. Gaskiya ne?"

Na ce, "Mutumin Nguru ne. Me ya kawo wannan?"

"Alhamdu lillahi," in ji shi, har da lumshe ido. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji har titi: "Kuma wallahi ba ka barin gidan ga sai ka gyara ɓarnar da ka yi!"

A nan na fahimci inda aka ajiye ni. Alhaji ya riga ni sanin komai. Amma ku da aka haifa a nan, kuke ce wa surukai su miƙo muku gishiri a kan tebur, ba za ku gane nauyin abin ba. Alhaji ba ya cin abinci a gaban wannan dattijo, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Da ya tsaya ya ce masa bai iya kiwo ba, mutumin da aka haifa a tsakiyar garke, ya fi masa sauƙi ya rufe mayankar ya koma tebur. Hajiya matar Alhaji kuma 'yar fari ce, uban ko sunanta ba ya faɗa, balle ta yi masa gyara. A duk birnin New York ana neman mutum ɗaya da al'ada ta ba shi izinin yi wa tsohon Bafulatani rashin kunya a fuska ba tare da an yi fushi ba, wato Babarbare, abokin wasansa. Ni ne Alhaji ya samu, kuma mai ciyawa ne ni, abin ya zo masa biyu a ɗaya.

Matsalar ita ce a Kano na girma, Barbarcin da na iya bai wuce gaisuwa ba, kuma ban taɓa zagin dattijo ba a rayuwata. Amma lodi ɗaya ya rage mini mai kyau, idan na sauke shi aka yi masa wanka, babu na uku. Na koma ɗakin ajiya, na tsaya a ƙofa, na riƙe ƙugu.

"Wushe! Ashe bawana aka kawo Amurka ba a sanar da ni ba?"

Tsintsiyar ta tsaya a sama. Ya juyo a hankali.

"Wane marar kunya ne wanga?"

"Ubangijinka ne, Babarbare daga Nguru. Ka durƙusa ka yi gaisuwa."

Ya matso kusa yana ƙanƙance idonsa mai lafiya, ya duba kumatuna dama da hagu. Sai fuskarsa ta buɗe, na ga haƙoran da ma'aikatan suka ce ba su taɓa gani ba.

"La'ilaha illallahu! Hal nan kunka iso? Wa ya ranta maka kuɗin jirgi? To ina tsagen huskarka, ko shi ka saida ka yi biza?"

"Kwastan suka karɓe a filin jirgi. Kai fa, wa ya koya maka hawa bene? An ce mini ranar farko sai da ka yi wa lif sallama."

"Na yi mata, ta kuma fi ka ladabi, don ta buɗe mini ƙofa. Zamna, bawana, ka riƙe mini bokiti."

Na ce, "Bokitin nan ne ma ya kawo ni. Kanwa ta ƙasarmu ce, mu muke haƙo ta mu sayar muku. Kuskurenmu ɗaya, mun ba Fulani kaya ba mu tsaya mun koya musu aiki da shi ba."

"Kai! Tun ubanka na yawo ba wando nike ba dabba kanwa."

"A Dakoro. To sa hannunka a tsakiyar tarin nan, har kafaɗa."

"Bafulatani bai karɓar umurnin bawa."

"Na gane. Tsoro kake ji. Dama an ce ku jarumtakarku a gaban saniya take ƙarewa."

Ya jefar da tsintsiya, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa tsakanin dammuna. Ina kallon fuskarsa lokacin da zafin ya same shi. Bai zare da sauri ba. Ya bar hannun a ciki, sannan ya fito da shi da dunƙulen ingirici baƙi-baƙi mai farar ƙura. Ya shinshina, ya murza, ya sake shinshinawa.

"Wuta ce ciki?"

Na bar wasa na ce, "Ruwan ne, Baffa. A gida kafin ka juya rana ta shanye shi. A nan iskar ma jiƙaƙƙiya ce, ɗakin kuma a rufe. Ruwan yana kwana a ciki, ya dafa ciyawar, ta yi fumfuna. Ita ragunan ke shaƙa suna ci."

Ya dubi garken, inda wani babban rago mai shuɗin fenti ke tsaye kai a ƙasa yana tari. Sannan ya dubi ƙofar ofis.

"Mijin yarinyar ga ya sani?"

Ga dama ta zo mini har gida. Kalma ɗaya ta isa in wanke sunana, ga shaidu uku a zaune a ofis. Na dubi hannunsa da dunƙulen nan a ciki, na ce, "Alhaji? Ɗan kasuwar da bai san bambancin rago da firji ba sai an rubuta farashi? Ni yake zagi tun safe."

Baffa ya sauke numfashi. Ya share hannunsa a jikin rigata, ba tasa ba.

"To a bar shi cikin jahilcinai. Kai kuma ka ci gaba da shan zagi, aikin bawa ke nan. Kawo ƙarhunan nan naka mu hidda ƙazantar ga."

Mun wuni muna fitar da ruɓaɓɓen kaya, ni da ma'aikata, shi kuma yana tsaye da sanda yana ba da umarni cikin Hausar da ba wanda ke ji sai ni. Aka wanke ɗakin, aka kunna fanka, na sauke lodina na ƙarshe. Alhaji ya kira likitan dabbobi ya duba garken. Kanwa kuwa ba a kore ta ba, muka mayar da ita cikin kwamin shan ruwa, kaɗan-kaɗan, Baffa ne mai awo. Daga ranar ya naɗa kansa mai gadin ɗakin ajiya, ko ma'aikaci ya zo wucewa da kofin shayi sai ya kore shi da sanda. Ya kuma riƙa kwana da ragon nan mai shuɗin fenti a ransa, yana ba shi ganyen alfalfa da hannu.

Mafi yawan ragunan sun miƙe kafin Sallah. Kaɗan ba su kai ba, Alhaji ya musanya wa masu su da wasu ba tare da hayaniya ba. Mai shuɗin fenti ya warke sarai, aka yanka shi ranar Sallah yana da ƙiba, wanda a sana'armu shi ake kira nasara.

Ina jiran in ga yadda Alhaji zai wanke ni a gaban jama'a. Juma'ar da ta biyo baya ya miƙe bayan salla, surukinsa na zaune a sahun gaba, ya ce yana da sanarwa. Ya ce kowa ya ji abin da ya faru tsakaninsa da Malam Habibu. Ya ce ya yi mini nasiha mai zafi, na karɓa da hannu biyu, na gyara, kuma yanzu ya shaida babu mai kawo kaya irin nawa a duk jihar. Baffa Sambo ya ɗaga sanda ya ƙara da cewa shi da kansa yake duba kowane dami, kuma yaron yana da tarbiyya, in aka yi la'akari da asalinsa. Masallaci ya ɗauki kabbara. Dattawa suka riƙa zuwa suna dafa kafaɗata suna cewa kowa yana kuskure.

Masu mayanka suka dawo, har da waɗanda ban taɓa yi wa aiki ba. Mutum ɗaya a Queens bai dawo ba har yau, kuma idan muka haɗu a wurin biki yakan dube ni kamar in ba shi haƙuri. Na sha tambayar kaina ko daidai na yi da na bar ƙarya ta zauna a kan sunana, ni da nake gaya wa 'ya'yana kada su yi ta. Wani lokaci ina ganin mutunci na kare, wani lokaci ina ganin ciniki na kare na sa masa rigar mutunci. Ban gama yanke hukunci ba.

Baffa ya koma gida bayan an gyara masa ido, kuma bara Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa na iya rubuta wannan. Duk da haka, kafin in ɗauki alƙalami sai da na je wurin Alhaji neman izini. Na same shi a ofis yana cin gyaɗa. Na ce masa samari sun raina sana'ata, ina so in ba su labarin ruwan kanwa yadda ya faru, da sunan kowa.

Ya tauna, ya yi tunani, ya karkaɗe hannu.

"Rubuta abinka, Malam, ba mai yarda da kai. Mutane sun hi son mai ciyawar da ya tuba bisa ga wanda bai taɓa laihi ba. Ka dai kawo mini lodi ran Talata." Na kai ƙofa ya kira ni. "Kuma busasshe, don Allah. Ka san halinka."